Kwalbar Ƙarƙashin Rumbu

Jikana ne ya tono mini wannan zance, shi da wayarsa. Ya dawo daga karatu a Sakkwato da ɗan guntun gemu da baki cike da bayani, ya iske ni ina tsintar wake a inuwar ɗaki, ya durƙusa ya ce in zo in ga abin da Turawa suke yi da tsofaffin kwalabe. Ya kara mini gilashin wayar har kusa da hanci. Na ga wata ƙatuwar ma'aikata, ana juye kwalabe a bisa wani abu mai tafiya da kansa, ana fitar da marafai gefe, ana ware farare daban, kore daban, masu ruwan ƙasa daban, sai inji ya niƙe su kamar tsaki, a zuba a wuta su narke, su fito sababbi. Yana yi mini fassara a hankali, yana jan kowace kalma, kamar mai yi wa kurma magana. Wai ana iya narka kwalba ɗaya sau ba adadi ba ta lalace ba. Wai mu nan ba mu waye ba, shi ya sa muke zubarwa. Na dube shi, na dubi robar ruwan da ya shanye ya yar a bakin ƙofata tun bai gama sallama ba, na ce to, angona, Allah shi ƙara sani. Na ci gaba da tsintar wakena.

Mu ne ba mu waye ba. Wannan kalma ita ce ta tsaya mini. Duk mai son ganin wayewar zamanin nan ya zagaya bayan katangar gidan da muke zaune a nan Sabon Birni, tun da zaman ƙauye ya gagare mu muka taso. Leda ce baƙa da fara ta naɗe kowace ƙaya, robobi sun toshe magudana, ga ƙananan kwalaben maganin tari birjik, waɗanda samari masu lafiya ƙalau suke shanyewa su kwanta suna lumshe ido kamar kajin da suka sha rana. In sun gama sai su buga kwalbar da katanga don su ji ƙararta. Yara suna bi ba takalmi suna yankewa. Masu tura baro da suke kiran gwangwan da tsohon ƙarfe ma ba sa kallon kwalba, na taɓa miƙa wa ɗayansu guda uku wankakku ya ce mini nauyi gare su kuma ba mai saye. Matan jikokina kuwa in sun gama da kwalbar man shafawa ko ta wani abin lashe-lashe mai faɗin baki, irin wadda a da sai mace ta yi shekara tana roƙon a kawo mata daga Maraɗi, sai su jefa ta juji da sauran abin a ciki, don wanke ta aiki ne, kuma an yi musu lalle.

Ni a Gangara na tashi, a hannun gwaggona, yayar mahaifina. Uwata ta rasu ina goye, ita kuma Gwaggo mijinta ya mutu ba ta sake aure ba, ta dawo gidan ƙanenta ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Doguwar mace ce, marar yawan magana, hannuwanta kullum suna ƙamshin tunkuza. Abin da na fara sani da sunan dukiya a duniya kwalabenta ne. Suna jere a kan wani dakali da ta sa aka gina mata a cikin ɗaki, kuma ba wadda ba ta san asalinta ba: wannan wani malamin gona ya bar ta, waccan daga ƙasar Faransa ta fito, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin, waccan kuma tun gidan mijinta take da ita. In kin sayi mai, da kwalbarki kike zuwa. In ba ki da ita a ba ki aro, kuma in kika kwana biyu ba ki maido ba za ki ga Gwaggo a ƙofar gidanki tana gaishe ki da gajiya, ba za ta ambaci kwalba ba, amma ba za ta tafi ba sai da ita. Marfi kuwa in ya ɓata, totuwar masara ake fiƙewa a naɗe da tsumma mai tsabta a toshe.

Wankin kwalba aikina ne tun ina ƙarama, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙararsa. Bayan sallar safe za ni ɗebo toka mai ɗumi daga murhu, in tsinto ƙananan tsakuwoyi a bakin rijiya, in zuba a ciki da ruwan zafi, in toshe da babban yatsa in yi ta girgizawa, cakas cakas cakas, har kafaɗata ta ƙage. Sai in zubar, in sa sabulun salo, in cusa kara mai tsumma a baki in goge gindin da wuyan. In kwalbar mai wari ce a jiƙa tsamiya a ciki ta kwana. Daga nan a ɗauraye har sau uku, a kife a kan karan danni, wato dangar gida, rana ta gasa ta. Duk wannan bai sa an gama ba. Gamawa ita ce Gwaggo ta ɗauka, ta ɗaga ta saitin rana ta leƙa, ta kai bakin kwalbar hancinta ta ja numfashi idonta a rufe. In ta ajiye a dama, ta wuce. In ta ajiye a hagu, in sake. Ba ta faɗa, ba ta duka. Abin da take cewa kawai, kwalba ba ta mantuwa, abin da ta fara ɗauka yana nan a jikinta ko ido bai gani ba, don haka wadda ta taɓa ɗaukar kananzir ba ta komawa ga abinci har abada. Ni kuwa a lokacin gani nake tsufa ne kawai da neman wahalar da mutum.

Haka kwalba take rayuwa a gidanmu, tana sauka mataki mataki kamar mutum. Tana sabuwa ta ɗauki mai ko zuma ko man shanun da Fulani suke kawowa. In bakinta ya ɗan ɓalgace ta koma ta kananzir. In ta ƙara tsufa a huda marfin a zura lagwani ta zama fitila. Ranar da ta fashe ma ba a zubar da ita, akwai tsohuwar tukunya a bayan ɗaki da ake tara fasassun, don Na-Isa. Na-Isa wani ɗan kasuwa ne mai jaki biyu, mutumin Isa, yana bin ƙauyuka daga Turba har bakin iyaka, yana kai gishiri da allura da zare, yana karɓar tsofaffin kwalabe. Muryarsa siririya ce kamar ta mace, tun daga bakin gari ake jin yana kiran a fito da kwalba ko fasasshiya. Zai shimfiɗa buhu a gindin itacen bedi ya zauna yana warewa da hannuwansa da suka cika da tabon yanka, kore gefe, fara gefe, mai ruwan ƙasa gefe, in ya ci karo da shuɗiya kuwa sai ya goge ta da rigarsa ya sa a aljihu. Shi ya gaya mana cewa a Isa yake haɗa su da fataken da ke gangarawa ƙasar Nufe, can akwai masu wutar da ke narka kwalba su ja ta kamar alewa, su yi awarwaro da duwatsun wuya. Wata shekara ya kawo mini awarwaro kore guda biyu ya ce wa ya sani, wataƙila kwalbar da na fasa bara ce ta dawo mini. Wannan mutum ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Shi ne yau jikana yake nuna mini aikinsa a waya, da sunan sabon ilmi.

To, akwai abin da ban gaya wa yaron ba, don ba na jin zai zauna ya saurara har ƙarshe.

Shekarar da aka sa mini rana, ina ganin kaina na isa mace, aka aiko wa Gwaggo da rasuwa a Turba. Ta tafi za ta yi kwana uku, ta bar mini matsar mai, ga kuma suna a maƙwabtanmu, matar ɗansu ta haifi ɗan fari, sun ce a kai musu mai kwalba huɗu don suyar masa. Na soya gyaɗa, na kai niƙa, na murza a turmi har mai ya tashi, ya fito garau, ina ta jin daɗin kaina. Da na zo zubawa sai na tarar wankakkun kwalabe uku ne kawai a dakali, sauran duk suna gidajen mutane. Da na shiga gida biyu ko uku da na karɓo. Amma na yi wanka, na shafa mai, ba na son fita cikin rana, kuma ina jin nauyin a ce amarya tana yawon bin kwalba. Sai na tuna wata da na taɓa hangowa a ƙarƙashin rumbun babana, an tura ta can ciki tsakanin duwatsun da rumbun yake zaune a kai. Na kwanta rub da ciki na jawo ta da sanda. Kyakkyawa ce, mai ruwan ƙasa, mai kauri, marfinta na murɗawa ne, ba irinta a dakalin Gwaggo. Takardar jikinta gara ta cinye. Da na buɗe wani wari ya bugi hancina, kamar na tafarnuwa da ta ruɓe, kuma akwai wani abu mai danƙo da ya daskare a gindinta. Na san warin, na sha jin sa a rigar Baba in ya dawo daga feshin auduga. Na sani sarai. Na zuba ruwa na girgiza sau biyu, na sa sabulu sau ɗaya, ban nemi toka ba, ban nemi tsakuwa ba, na sansana na ce wa kaina ya tafi. Na cika ta da mai na kai gidan suna tare da sauran. Har yaba kwalbar aka yi.

Ranar sunan da hantsi Gwaggo ta dawo, kwana ɗaya kafin lokacin da ta ce, don ta sami jakin wani mai zuwa gari. Ko mayafi ba ta cire ba ta tambayi man gidan suna. Na ce na kai, huɗu cif. Ta dubi dakali, ta dube ni.

"Ukku na bari. Ina kinka samo ta huɗun?"

Na ce a ƙarƙashin rumbun Baba, kuma na wanke ta da kyau.

Ban taɓa ganin Gwaggo tana gudu ba sai ranar. Ta fita ba takalmi, na bi ta a baya. Gidan ya cika da mata, an yanka rago tun da safe, ana ta guɗa da raha, hayaƙi ya tashi a bayan ɗakin maijego inda ake suya. Mai suyar wata mata ce da ake kira Kulu, gwanar masa ce da ake ɗauka duk wani sha'ani a garin, tana zaune gaban tanda biyu, ga masa ta cika babban kwando an rufe da faifai, ana jiran maza su taso daga zaure a fara rabo. Kwalabe uku suna gefenta a cike. Ta huɗun, mai ruwan ƙasan, ita ta fara buɗewa saboda kyanta, kuma saura kaɗan a ciki.

Gwaggo ta ɗauki kwalbar ta sansana, ta ɗora hannu a kan faifan, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kat kowa shi taɓa masag ga. Akwai maganin auduga cikin man. Daga gidana ya hito, ni ad da laihi."

Uwar angon ƙarnin ta fara cewa ai ba a yi haka ba, wannan tozarci ne a gaban baƙi, ko dai ƙanshin sabuwar kwalba ne. Gwaggo ta tambaya ko akwai wanda ya ci. Allah ya sa matan gidan sun hana yara kusantar wurin tun safe. Sai Kulu ta ce ita ta ci, guda uku ko huɗu, don ɗanɗana ƙullu, ta ji ɗan ɗaci ta ɗauka kanwa ce ta yi yawa. Tana faɗin haka tana share gumi, kuma na lura miyau yana taruwa a gefen bakinta tana haɗiyewa. Gwaggo ta ɗauki kwandon da kanta ta fita da shi bayan gari, ni ina biye da tanda biyun, ta sa aka haƙa rami aka juye aka binne. Masa biyu da suka faɗo a hanya kajin wani suka caccake, kafin azahar an tsince su a mace. Wannan ne ya rufe bakin masu cewa Gwaggo ta ɓata suna a banza.

Kafin mu dawo Kulu ta faɗi. Amai take, jikinta yana rawa, idanunta sun ƙanƙance kamar na mai kallon rana. Aka ɗura mata nono, aka ɗora ta a amalanken shanu, Baba da mijinta suka nufi Sabon Birni da ita. Na tsaya a bakin hanya ina kallon ƙafarta tana lilo a bayan amalanken, 'ya'yanta uku suna bin su da kuka har sai da aka kamo su. Gwaggo ta koma gida ta kwaso geronta da shinkafarta, ta aro mai a wani gida, ta zauna gaban wata tandar ta soya wa mutanen suna wata masar da hannunta, amma kaɗan ne suka ci. Kwana tara Kulu ta yi a asibiti. Ta rayu. Sai dai hannunta na dama bai daina karkarwa ba har ƙarshen ranta, kuma mai karkarwar hannu ba ta juya masa a tanda. Sana'arta ke nan ta tafi.

Gwaggo ba ta taɓa gaya wa kowa cewa ni ce ba. Ta san in maganar ta fita, dangin wanda zai aure ni za su fasa. Gari ya ɗauka ita ce tsufa ya sa ta yi sakaci, mata suka daina aiko yara sayen mai, wasu har kwalaben aronta suka maido ba a tambaye su ba, suna ajiyewa a bakin ƙofa kamar abin da ke da cuta. Fiye da shekara tana matsar mai tana ɗorawa a kai zuwa kasuwar wani gari inda ba a san labarin ba, mace mai shekarunta. Ni kuwa abin da ta yi mini ɗaya ne. Washegarin sunan ta miƙo mini kwalbar da dutsen niƙa, ta sa na farfasa ta da hannuna, ta ce wannan ba ta zuwa tukunyar Na-Isa, don kada a narka ta wata ɗiya ta sa a wuyanta. Na haƙa rami har gwiwa a bayan danni na binne. Da na gama ta ce, "Kin san warin, ko ba ki sani ba?" Na ce na sani. Ta ce shi ke nan, ta shiga ɗaki. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga abin da ake yi yanzu ana kiran sa ci gaba. Jarkar maganin feshi, mai hoton ƙoƙon kai ɓaro-ɓaro a jiki, ita ake ɗauraya sau ɗaya a ɗebi ruwan sha zuwa gona. Robar da aka tsinto a juji bayan asibiti ita ake ɗura wa zoɓo da kunun aya a sayar a tasha, masu manyan riguna suna saye suna kurɓa suna duba waya. Ba mai ɗagawa ya leƙa, ba mai sansanawa. Ni da na yi wauta sau ɗaya ina da ƙuruciya na ɗauki kunyarta shekara da shekaru, su kuwa kullum suke yi, kuma in ciki ya murɗa wa yaro sai a ce iska ce ko sammu.

Bayan aurena Gwaggo ta yi rauni, sana'ar ta dawo hannuna, can cikin Gangara, don mijina ɗan garin ne. A hankali mutane suka dawo. Kulu ce kaɗai ba ta taɓa aikowa ba, in mun haɗu a rijiya ta amsa gaisuwata a taƙaice ta kau da kai. Na daɗe ina zaton Gwaggo ce Kulu ta riƙe a zuci, ni kuma ta haɗa ni da ita. Sai da Gwaggo ta rasu da kamar wata biyu, wata safiya ina cikin murza tunkuza na ji sallama. Kulu ce, ta tsufa, da kwalba a hannun hagu, na daman tana ɓoye da shi cikin mayafi. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce ita tun a kan amalanke ta san ba Gwaggo ba ce, don shekara ashirin tana sayen man matar nan ba ta taɓa jin ko warin hayaƙi a kwalbarta ba, kuma ta ga fuskata ranar. Ta ce ta yi shiru ne saboda wadda ta ɗauki laifin ta roƙe ta a asibiti. Na fara kuka ina neman gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta turo mini kwalbar da ƙafa ta ce mai take so, amma in wanke tukuna, a gabanta.

Na ɗebo toka, na tsinto tsakuwa, na dafa ruwa. Na girgiza har kafaɗata ta ƙage, na goge, na ɗauraye sau uku, na miƙa mata. Ta karɓa da hannun hagu, ta kai hanci, ta daɗe.

"Sake," in ji ta.

Kwalbar tsaf take, ni da ita duk mun sani. Na sake. Ta sansana ta ce in sake. Rana ta ɗaga, tunkuzata ta sandare a turmi, 'ya'yana suna leƙe daga ɗaki suna mamakin wace tsohuwa ce take juya uwarsu haka. A karo na huɗu ta riƙe kwalbar ta dube ni, sannan ta fito da hannun daman daga mayafi, yana karkarwa, ta tallafi gindin kwalbar da shi ta ce in zuba. Na zuba a hankali, man yana ɗiga a yatsunta saboda rawar hannun, ban ce ta ba ni in riƙe ba, ita ma ba ta ce ba. Tun daga ranar duk mako take zuwa da kanta, har shekarar da ta rasu, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda na zuba mata mai a wankin farko ba.